Wayoyin gida duk suna shiga intanet, kwamfutata ce kaɗai ta ƙi: in danna reset?

Assalamu alaikum. Kwana biyar ke nan kwamfutata ta ƙi shiga intanet a gida. Tana haɗuwa da Wi-Fi, amma a ƙasan sunansa sai ta rubuta "No internet, secured", kuma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Wayoyin kowa a gidan suna aiki lafiya. Yayana ne ya saita mana rautar, wato na'urar da ke raba mana Wi-Fi, kafin ya yi tafiya, ya kuma ja kunnenmu kada wanda ya taɓa saitinta. Ƙanena ya dage sai an tura allura a ɗan ramin da ke bayanta an yi reset, ni kuma ina tsoron in ɓata abin gaba ɗaya, har mun fara samun saɓani a kai. Ta intanet nake karatu, jarrabawa ta ƙarato, hankalina ya tashi. Ban san ko yana da alaƙa ba, amma a makon da ya wuce na kai kwamfutar makaranta, wani ma'aikaci ya haɗa min ita da intanet ɗinsu don in yi rajista. Windows ce a kanta. Don Allah a ba ni shawara.

Wata ɗaliba

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ce wa ƙanenki ya mayar da allurar inda ya ɗauko ta. Wannan ɗan ramin ba na kashewa da kunnawa ba ne. Idan aka danne shi na kamar daƙiƙa 10, rautar za ta manta duk abin da yayanki ya koya mata: sunan Wi-Fi, kalmar sirrinsa, da kuma, a wasu gidajen, suna da lambar sirrin da take shiga da su wajen kamfanin da ke ba ku intanet. Idan waɗannan na ƙarshen suka goge alhali mai su yana kan hanya, to maimakon kwamfuta ɗaya, gidan gaba ɗaya ne zai shiga duhu. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kuma ko da komai ya dawo daidai, ina kyautata zaton kwamfutarki za ta ci gaba da rubuta abin da take rubutawa, domin alamu duk sun nuna ba a rautar gizo ke saƙa ba.

Dalilina mai sauƙi ne. Rauta ɗaya ce, kamfani ɗaya ne, layin intanet ɗaya ne ya shigo gidan. Da matsalar daga can take, da kowa ya ji a jikinsa. Amma kafin mu ɗora gini a kan wannan, ki tabbatar da shi. Ɗauki ɗaya daga cikin wayoyin, ki kashe datar layinta gaba ɗaya, ki bar Wi-Fi kaɗai, sannan ki buɗe shafin da ba ki taɓa buɗewa ba. Wayoyin zamani suna da wayo: idan suka ga Wi-Fi ba ya kai su ko'ina, sai su zame su koma kan datar layi a ɓoye, alamar Wi-Fi tana nan a sama kamar babu abin da ya faru. Mutane da yawa sun sha rantsewa cewa intanet ɗin gidansu lafiya lau yake, ashe datarsu ce ke ƙonewa. Idan shafin ya ƙi buɗewa bayan kin kashe data, to labari ya canza: duba fitilun rautar, musamman wadda aka rubuta wa Internet ko WAN, ki duba ko kuɗin wata ya ƙare, sannan ki kira kamfanin. Idan kuwa ya buɗe, mu koma kan kwamfutar.

Rubutun da take nuna miki ma yana da abin faɗa. Kalmar "secured" tana nufin kwamfutar da rautar sun gaisa, kalmar sirrin da kika sa daidai ce, kuma hanyar da ke tsakaninsu a kulle take. Don haka ki daina sake rubuta kalmar sirri, ba ita ba ce. "No internet" kuma yana nufin Windows ta aika ɗan saƙon gwaji zuwa wata uwar garken Microsoft, amsa ba ta dawo ba. Wato kin shiga zaure, amma ƙofar fita titi ce ba ki samu ba.

Yi abu mai arha tukuna. Zare wutar rautar daga soket, ki ƙirga 30, ki mayar, ki ba ta minti biyu fitilunta su daidaita. Wannan ba ya goge komai, kuma bai saɓa wa gargaɗin yayanki ba. Ita kuma kwamfutar ki zaɓi "Restart", ba "Shut down" ba. Abin zai ba ki mamaki, amma a Windows 10 da 11 akwai wani tsarin saurin tashi da ke sa "Shut down" ya adana wani ɓangare na halin da kwamfutar take ciki, har da wasu kurakuran, ya dawo da su idan an kunna. "Restart" ne ke wanke allon da gaske.

Yanzu ga maganar da kika jefa a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba. A wurina ita ce kan zancen. Kwamfuta tana aiki, an kai ta wani wuri wani ya taɓa saitin intanet ɗinta, ta dawo gida ta ƙi. Ba sai an yi duba ba. Ban ce ma'aikacin ya yi ɓarna ba; wataƙila abin da tsarin makarantarsu ke bukata ya yi, ya manta bai warware ba. Abubuwa biyu aka fi barin irinsu, kuma zan daɗe a kansu domin a nan nake sa ran za ki samu bakin zaren.

Na farko adireshi ne. Kowace na'ura a gidanku tana da lamba da rautar ke gane ta da ita, wadda ake kira adireshin IP. A al'ada ba ke kike zaɓa ba: da na'ura ta haɗu, rautar ce ke miƙa mata adireshi, ta gaya mata ƙofar fita, ta gaya mata wanda za ta tambaya sunayen shafuka. Wannan rabon shi ake kira DHCP. Amma a wasu ofisoshi da makarantu da hannu ake rubuta wa kwamfuta adireshin, a kafe shi. Idan an kafe shi a kan katin Wi-Fi ɗin kansa, wato ɓangaren kwamfutar da ke kama Wi-Fi, zai bi kwamfutar duk inda ta je. Sai ta dawo gida tana amsa sunan makaranta, tana neman ƙofar da babu ita a gidanku.

Ga yadda za ki gani da idonki. Danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta cmd, ki danna Enter. Baƙin allo zai fito. Kada ya tsorata ki, ba ya cizo. Rubuta ipconfig ki danna Enter. A cikin rubutun da zai zubo, nemi wurin da aka rubuta "Wireless LAN adapter Wi-Fi", ki duba layuka biyu a ƙarƙashinsa: "IPv4 Address" da "Default Gateway". Sai ki ɗauko wayar da ke aiki, ki shiga bayanan Wi-Fi ɗin da take kai, ki ga nata adireshin. Ki ajiye su gefe da gefe. A yawancin gidaje za ki ga wayar tana da wani abu kamar 192.168.1.5 ko 192.168.0.12, kuma ya kamata kashi uku na farkon lambar kwamfutar su zo daidai da na wayar, na ƙarshen kaɗai ya bambanta. Idan wayar tana kan 192.168.1 amma kwamfutar ta nuna miki 10.20 da wani abu, ko 172.16, ko ma 192.168 mai wata lamba ta uku dabam, kin kama ɓarawon.

Gyaransa bai kai minti biyu ba. Windows da R kuma, ki rubuta ncpa.cpl. Ki danna hoton Wi-Fi da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi "Properties", ki nemi "Internet Protocol Version 4", ki danna shi sau biyu. Idan kin tarar da lambobi a rubuce cikin akwatunan, ki ɗauki hotonsu da waya kafin ki taɓa komai, domin wata rana za ki koma makarantar. Sannan ki zaɓi "Obtain an IP address automatically" da "Obtain DNS server address automatically", ki danna OK har sau biyu. Sau da yawa kafin ki rufe tagar ma alamar da ke ƙasan allo ta canza.

Akwai wata lamba da nake so ki haddace, domin takan fito: duk adireshin da ya fara da 169.254. Wannan ba rauta ce ta ba da shi ba. Windows ce ta nemi a ba ta adireshi, ta jira, ba wanda ya kula ta, sai ta laƙaba wa kanta wannan don kada ta zauna babu suna. Ba ya kai mutum ko'ina, kuma za ki ga gurbin "Default Gateway" fayau. Idan shi kika gani, koma baƙin allon ki rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew, ki ba ta ɗan lokaci. In ta sake dawo miki da 169.254, to rautar ce ke ƙin amsa wa wannan kwamfutar, kuma zan zo kan wannan.

Abu na biyu da ake bari shi ne furoksi. Wasu makarantu ba sa barin kwamfuta ta fita intanet kai tsaye, sai ta bi ta wata na'ura tasu mai tace abin da ke wucewa. Ana rubuta adireshin wannan na'urar a saitin Windows, kuma saitin ba ya sanin kin bar makaranta. Duk shafin da kika nema a gida, burauzarki za ta fara aika shi wurin mai gadin da ke can bayan katangar makaranta, wanda ba zai ji kiranta ba. Shiga Settings, sai "Network & Internet", sai "Proxy". Idan "Use a proxy server" ko "Use setup script" a kunne suke, ɗauki hoto, ki kashe su. A nan kuma ki tambayi kanki ko kin taɓa sa wata manhajar VPN, wato mai karkatar da intanet ɗinki ta wata hanya dabam, musamman irin na kyautan nan. Wasunsu idan suka lalace ko wa'adinsu ya ƙare, sukan riƙe hanyar su hana komai wucewa, har da gangan, da sunan kare ki. Kashewa ba koyaushe ke isa ba. Cire ta gaba ɗaya ki gwada.

To idan adireshin daidai yake, babu furoksi, babu VPN? Sai mu auna inda hanyar ta yanke, tasha bayan tasha. A baƙin allon rubuta ping, ki bar tazara, ki rubuta lambar da ke gaban "Default Gateway", misali ping 192.168.1.1. Kwamfutar za ta ƙwanƙwasa ƙofar rautar sau huɗu. Idan kin ga "Reply from" tare da lokacin da amsar ta ɗauka, tsakaninki da rautar lafiya. Sai ki rubuta ping 8.8.8.8, wata na'urar Google ce da ke can waje. Idan ita ma ta amsa, to kina da intanet, ko da Windows ta ce ba ki da shi. Na uku, ping google.com. Idan lambar ta amsa amma sunan ya ƙi, aka ce miki "could not find host", matsalar ta DNS ce, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lamba. Kamar wayar da layinta ke aiki amma an goge mata jerin sunaye: duk wanda kika san lambarsa a ka za ki same shi, wanda kika sani da suna kaɗai kuwa sai haƙuri. Rubuta ipconfig /flushdns. In bai yi ba, koma wancan wurin na "Internet Protocol Version 4", ki bar adireshin sama yana zuwa da kansa, amma a ƙasa ki rubuta 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google, ko 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare, wanda suka buɗe wa jama'a a shekarar 2018. Duka kyauta ne.

Ki leƙa agogon kwamfutar ma. Ƙaramin abu ne amma yana wahalar da mutane: idan kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka masu tsaro za su ƙi buɗewa domin takardun shaidarsu ba su yi daidai da lokacin ba. Sai dai wannan yakan zo da gargaɗi a cikin burauza, ba irin saƙon da kika ambata ba, shi ya sa ban sa shi a gaba ba.

Idan duk wannan bai yi ba, akwai reset ɗin da na yarda ki yi, amma na kwamfutar ne, ba na rautar ba. A Windows 11 yana cikin "Network & Internet", ƙarƙashin "Advanced network settings", sunansa "Network reset"; a Windows 10 yana ƙasan shafin "Status". Zai cire katunan sadarwar kwamfutar ya sake ɗora su, ya mayar da saitinsu yadda suka zo. Abin da za ki yi asara kaɗan ne: za ta manta kalmomin sirrin Wi-Fi ɗin da ta sani, sai kin sake rubutawa. Don haka ki tabbata kalmar sirrin gidanku tana hannunki kafin ki danna. Ba ya taɓa takardunki ko hotunanki.

Yanzu mu dawo kan rautar, domin akwai hanya ɗaya da za ta iya zama mai laifi duk da wayoyi suna aiki. Gargaɗin yayanki ya sa na yi tunanin ko ya yi mata wani tsari na musamman. Kowane katin Wi-Fi yana da lambar shaida da ake kira adireshin MAC, kuma ana iya gaya wa rauta ta bar na'urorin da ke cikin wani jeri kaɗai, ko ta hana wasu fita intanet. Masu tsoron maƙwabta su shanye musu data suna son wannan tsarin. Matsalar ita ce Windows tana da wani maɓalli mai suna "Random hardware addresses" a saitin Wi-Fi; idan aka kunna shi, kwamfutar takan zo da sabuwar lambar shaida, rautar ta ɗauke ta baƙuwa. Duba shi, in a kunne yake ki kashe, ki sake haɗawa. Haka kuma wasu sukan taƙaita yawan adireshin da rautar za ta raba, a ce goma. Idan na'urorin gida suka ƙaru suka cinye, wanda ya zo a ƙarshe shi ke tashi da 169.254.

Ganin waɗannan sai an shiga shafin rautar. Ki rubuta lambar "Default Gateway" ta wayar da ke aiki a saman burauza, inda ake rubuta adireshin shafi. Galibi 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1, yawancin rautocin Huawei masu layin waya kuma 192.168.8.1. Za ta nemi kalmar sirrin mai kula da ita, wadda dabam take da ta Wi-Fi. Mutane suna yawan haɗa su. Idan ba a canza ba, tana jikin takardar da aka manna a ƙasan rautar ko bayanta. Ana iya shiga daga waya ma. Kallo ba ya ɓata komai: ki duba jerin na'urorin da ke haɗe, ki duba wurin da aka rubuta "MAC Filter" ko "Access Control" ko "Parental Control", ki ga ko sunan kwamfutarki na cikin waɗanda aka toshe. Muddin ba ki danna "Save" ko "Apply" ba, yadda kika same ta haka za ki bar ta. Idan kuma ya zama dole ki canza wani abu, ki ɗauki hoton shafin tukuna, ki canza abu ɗaya tak, ki gwada, kafin ki matsa zuwa na gaba. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko ya gyaru bai san me ya gyara ba, in ya ɓaci kuma bai san inda zai koma ba.

Za ki ji masu cewa ki canza tashar Wi-Fi zuwa 1 ko 6 ko 11, ko ki koma kan zangon 5 GHz, ko ki ɗaga rautar sama nesa da bango. Shawara ce mai kyau ga wanda intanet ɗinsa ke jan ƙafa ko yana yankewa. Ba ciwonki ba ne, kada ki ɓata daren karatu a kansu.

Game da jarrabawar, kada ki bar ta ta dogara ga nasarar wannan gyaran. Tun yau ki shirya hanya ta biyu. Idan kina da kebul na intanet kuma kwamfutar tana da raminsa, ki jona ta da ɗaya daga cikin ramukan LAN na bayan rautar. Ki kula kada ki sa a na WAN, wanda galibi launinsa dabam ne. In babu, ki haɗa wayarki da kwamfutar ta kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, ki kunna "USB tethering" a saitin wayar. Na fi son wannan a kan hotspot a halin da kike ciki, saboda Windows tana ɗaukarsa a matsayin sabon kati, don haka adireshin da aka kafe wa Wi-Fi ba zai bi shi ba. Gwaji ne ma a karan kansa: idan kebul ya yi aiki, laifin yana kan saitin Wi-Fi, idan shi ma ya ƙi, furoksi ko VPN ne suka fi zama abin zargi, domin su ba ruwansu da ta wace ƙofa kika fita.

Shi kuma ƙanenki, ba wauta ya faɗa ba, lokacinta ne bai yi ba. Reset yana da ranarsa: idan an manta kalmar sirrin mai kula da rauta babu mai tunawa, ko saitin ya dagule har ba a san kansa ba. Ki jawo shi ku yi aikin tare, ki ba shi waya ya riƙa karanto miki lambobi kina kwatantawa. Mai son tura allura yawanci so yake a ce da shi aka gyara. Amma ina da magana da yayanku, kuma ki isar masa. Bai kamata a bar gida da na'urar da kowa ya dogara da ita ba, alhali mutum ɗaya ne ya san sirrinta, a kuma ce kada a taɓa. Ki tura masa saƙo yau ki tambaye shi abu uku: kalmar sirrin shiga shafin rautar, suna da lambar sirrin kamfanin intanet idan akwai su, da kuma ko ya taƙaita na'urorin da za su iya shiga. Ki rubuta amsar a takarda ki ajiye inda manyan gidan suka sani. Yawancin rautoci ma suna da wurin "Backup" da ke sauke dukkan saitin a fayil ɗaya. In ya ba ki izini ki sauke ki adana, daga ranar allurar ƙanenki ta daina zama abin tsoro.

Idan kin bi duk wannan abin ya ƙi, ki sake rubuto min da abu uku: abin da ke gaban "IPv4 Address", abin da ke gaban "Default Gateway", da amsar da kowane ping ɗin nan uku ya ba ki. Kalmar sirri kuwa kada ki turo min, kada ki tura wa kowa. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.